Wa ya ɗinka rigar, wa ya riƙe kuɗin?



An ce in yi magana kan shawarar da ke yawo a tsakaninmu: mu shirya defile, wato nunin tufafi, a sayar da tikiti, abin da aka samu a kai wa mata da ƴan matan Dogo-Dogo. Ina goyon baya. Amma da sharaɗi, kuma a kan sharaɗin zan ɗan ja ku.

Ba mu ne farau ba. A 1998 Alphadi ya kwashi manyan masu tsara tufafi na Afirka da Turai ya kai su cikin hamada, gindin duwatsun Tigidit a jihar Agadas, aka yi FIMA na farko. Duniya ta ga fatar Nijar da azurfarta da ɗinkinta. Da aka kawo bikin Yamai a 2000, ƙungiyoyin addini suka fito zanga-zanga, a Maraɗi har da ƙone-ƙone, gwamnati ta rusa wasu daga cikin ƙungiyoyin. Ba na wanke wanda ya kunna wuta. Sai dai na lura da abu guda: shi mai bikin sana'a yake nufin nunawa, su kuwa mutanen gari jikin mace suka gani a kan dandali. Hannun da ya yi aikin bai fito ba. To, in aka yi haka a Yamai, yaya kuke zato a ƙauyen da yarinya ba ta zuwa ko kwaleji sai da yardar ubanta? In baba ya ga hoton bikinmu a wayar ɗansa ya ce wannan ba tarbiyya ba ce, mu dai mun koma gida mun kwanta. Ɗiyarsa ce za a hana fita.

Saboda haka zancen sutura ba abin raini ba ne. A yi ɗinkin da uwar yarinya za ta gani ta ce ita ma tana so. Wannan ma ai shi ne kasuwa.

Yanzu mu zo ga kuɗi, nan ne gizo ke saƙa. Na halarci irin waɗannan bukukuwa na taimako fiye da ɗaya, ba zan kama suna ba. A biya zaure, a biya mai kiɗa da mai fitilu, mai kwalliya, mai hoto, lemon manyan baƙi. Washegari a sayi ƴan katon na sabulu, a je ƙauye da mota, a jera yara, a ɗauki hoto, a sa a Facebook. Ba wanda ya taɓa nuna mini takardar abin da ya shigo da abin da ya fita. Ba sata nake zargi ba. Bikin ne ke cinye kansa, kamar mai dafa tuwon sadaka da ya cinye rabi wajen ɗanɗano.

Ku duba ma atamfar 13 ga Mayu. A wannan rana ta 1991 iyayenmu mata suka cika titunan Yamai, saboda mace ɗaya tak aka sa cikin kwamitin shirya babban taron ƙasa, kuma ba su watse ba sai da aka ƙara musu kujeru. Kujera suka nema. Yau me ya rage mana? Anko. Kowace shekara mu sayi zane, mu ɗinka, mu yi rawa, ribar ta tafi aljihun ɗan kasuwa da masaƙa. Ni ma ina da su cikin akwati, kuma suna da kyau, ba ƙarya.

Wasunku ba su taɓa zuwa Dogo-Dogo ba. Ƙaramar hukuma ce ta karkara a kan iyakar Najeriya, dab da Jigawa. Da tana ƙarƙashin Magarya, sai a 2011 aka yanke Dungas ta zama gunduma mai cin gashin kanta, Dogo-Dogo ta faɗa ciki. A can naira tana yawo hannu da hannu kamar sefa, kasuwar Maigatari ta fi Yamai kusa da tukunyarsu nesa ba kusa ba. Da Najeriya ta rufe iyaka a 2019, da kuma takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, matar da ke soya ƙuli-ƙuli ta ji a jikinta kafin wani ɗan siyasa ya ji.

Kuma kun san lissafin auren wuri. A ƙasar nan, a ƙididdigar 2012, cikin ƴan mata 100, 76 an aurar da su kafin shekara 18, jihohin Damagaram da Maraɗi kuma sun haura wannan. Tun Disamban 2017 akwai dokar gwamnati ta kare karatun ɗiya mace. Takarda dai tana nan. Amma uwar da ke ɗora wa ɗiyarta talla don tara kayan ɗaki, ba rashin jin wa'azinmu ne ya sa ta ba. Ba ta da wata hanyar samun kuɗin ne. Sabulun katon ɗaya ba ya sauke farantin talla daga kan yarinya. Abin da zai iya sauke shi, uwar ta samu aikin da ake biyanta a kai a kai.

Ga sharaɗin nawa ke nan. Kada matan Dogo-Dogo su zama waɗanda ake tara wa sadaka. Su zama masu kayan da ake nunawa. Sun iya saƙa faifai da tabarmar kaba, akwai masu ɗinkin hannu, akwai masu keke. Telolinmu na Zango da Birni su tsara, su ba da aiki, a yi ciniki tun kafin a fara, a ba da kafin alƙalami. Kowace riga ta fito da sunan wadda ta yi mata aiki, in ta yarda a faɗa. Wanda ya yaba a zaure ya sa hannu a aljihu ya yi oda. Tafi ba ya sayen zare.

Kuma don Allah mu bar zancen raba kekunan ɗinki haka kawai. Keken da ba shi da aiki, ranar da aka rasa kuɗin magani shi za a fara kai wa kasuwa. Aikin ma a ba iyaye da zawarawa da waɗanda aka riga aka aurar. Ƴar lakwal kuwa a bar ta da allonta, kar mu cire ta daga talla mu ɗaure ta a keke mu ce mun ƴanta ta.

Wa zai riƙe kuɗin? Ba ni ba, ba ku ba. A Maraɗi aka fara Mata Masu Dubara a 1991, tare da ƙungiyar CARE: mata su haɗu kowane mako, su zuba, su ranta wa juna, akwati a kulle, a ƙirga a gaban kowa. Tsarin ya bar Nijar ya zagaya ƙasashe da dama. Matan da ba su yi boko ba sun riƙe akwati shekaru fiye da 30, mu masu digiri muna kasa kawo lissafin dare ɗaya. A nemi ƙungiyoyin matan da ke can, a zuba ribar a akwatinsu. Mu kuma mu buga lissafin bikin a shafinmu cikin mako guda, har kuɗin ruwan leda.

Hoto kuma, ba a ɗaukar yarinyar kowa sai an tambaye ta an tambayi uwarta.

Saura lokaci. Kar mu sa shi da damina, suna gona, hanya ma ba ta biyuwa. A bari sai bayan kaka. Kafin nan ina neman mutum uku, biyu mata, mu je mu gaida hakimi da magajin gari da liman, mu zauna da matan mu tambaye su nawa suke sayar da faifai ɗaya, nawa kuma dillali ke sayar da shi a nan. Wanda zai je ya ɗaga hannu a rubuta sunansa. Kuɗin mota kowa da nasa.