Bazarar da Ba Mu Gada Ba

 

Da aka ce in zo in yi magana a kan zafi, sai da na yi murmushi. Wa zai koya wa Bahaushe zafi? Mun san watan da iska ke tsayawa cak, ƙasa ta gagari ƙafar da ba takalmi, a kwashe tabarmi a koma tsakar gida da kwana. Shi ya sa duk wanda ya ce zafi ya ƙaru, amsar da yake samu ita ce, ai haka bazara take tun kaka da kakanni. Wannan amsa nake so mu auna yau, domin rabinta gaskiya ne.

Gaskiya ne yanayin yankinmu bai taɓa zama wuri guda ba. A shekarun 1950 damina ta yi albarka daga Sanagal har Sudan. Sai fari ya biyo baya, kuma akwai dattawa a nan da ba za su manta da 1973 da 1984 ba. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya janye har bai kai kashi ɗaya cikin goma na hakan ba. Daga shekarun 1990 kuma ruwa ya ɗan dawo. Wannan hawa da sauka yana da alaƙa da ɗumin tekuna, har da abin da ake kira El Nino a can tekun Fasifik, wanda kan taso duk bayan 'yan shekaru ya dagula lissafin manoma a nahiyoyi da dama.

Amma a ƙarƙashin hawa da saukar nan akwai wani abu da hawa kawai yake yi. Kafin zamanin masana'antu, iskar kabon da ke sararin sama ba ta wuce kashi 280 cikin miliyan ba. Yau ta haura 420, saboda ƙona gawayin ƙasa da man fetur da iskar gas da kuma sare dazuzzuka. Ita wannan iska tana riƙe zafin da ya kamata ƙasa ta amayar. Ku ɗauki yaro mai tsalle a kan dakali. Tsallensa bai sauya ba, wani lokaci ya yi sama sosai, wani lokaci kaɗan. To amma kowace shekara magini yana ƙara wa dakalin tubali ɗaya. Wata rana tsallen da ya saba yi ne zai haɗa kansa da azara. Tsallen shi ne halin bazara da muka gada, tubalin kuwa shi ne sauyin yanayi. Hukumar yanayi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tabbatar da cewa ɗumin shekarar 2024 ya ɗara na zamanin da ya gabaci masana'antu da kimanin digiri 1.55, abin da ba a taɓa aunawa ba kafin nan.

A shekarar 2024 ɗin ce maƙwabtanmu suka ga ranar da kai ya haɗu da azara. Ran 3 ga Afrilu, 2024, ma'auni ya nuna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Ana cikin goman ƙarshe na azumi, ga wutar lantarki tana ta ɗaukewa, ƙanƙara ta zama sai mai hali. Asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga mamata 102 a kwana huɗun farko na watan, alhali a duk watan Afrilun shekarar da ta gabata 130 ya ƙirga. Yawancin mamatan 102 ɗin tsofaffi ne. Masanan ƙungiyar World Weather Attribution sun bi diddigi, suka ce in ba don ɗumamar da ɗan Adam ya jawo ba, da zafi mai wannan tsanani bai auku ba. A lissafinsu, a Mali da Burkina Faso ta ƙara wa rana kusan digiri ɗaya da rabi, dare kuma digiri biyu.

Ina roƙon ku riƙe wannan na dare. Jikin mutum yana iya jure rana in dai zai huce da daddare. Idan aka kwana huɗu, biyar, ana juyi a kan katifar da ta jiƙe da gumi har asuba, zuciya ba ta samun hutu, ƙoda kuma tana aiki ba isasshen ruwa. Nan ne tsoho da jariri da mai juna biyu da mai hawan jini ke faɗuwa. A nan kuma akwai namu laifin. Kakanninmu sun gina soron ƙasa mai kaurin bango, wanda ke shanye zafin rana ya bar ɗaki da sanyi kamar randa. Mu muka rushe shi muka ɗora bulo da kwano ba rufin ciki, muka sare darbejiyar ƙofar gida muka kafa shago, muka malale tsakar gida da siminti. Wanda ya taɓa dafa bangon irin wannan ɗaki bayan sallar isha ya san abin da nake nufi: ɗumi yake fitarwa kamar tanderun gurasa.

A 2003 zafi ya kashe kimanin mutum 15,000 a Faransa. Sun san adadin ne domin sun ƙirga, kuma shekara na zagayowa suka kafa tsarin gargaɗi da leƙa tsofaffin da ke zaune su kaɗai. Mu kuwa idan Baba ya cika da hantsi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa, a ce tsufa ne. Ajali gaskiya ne, amma neman sanin sababi bai saɓa wa imani ba.

Saboda haka ga roƙona. Asibitoci su riƙa rubuta mace-macen bazara. Gargaɗin da hukumar kula da yanayi ta NiMet ke fitarwa ya isa gidajen rediyo da masallatai cikin Hausa. A sassauta wa leburori da 'yan makaranta tsakanin azahar da la'asar. Ɗalibanmu na fannin gini su koma su tambayi magina na gargajiya. Malamai kuma su yawaita tunatar da rangwamen da shari'a ta yi wa tsoho da marar lafiya a azumi.

Afirka ba ta fitar da ko kashi huɗu cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya, don haka muna da hakkin da za mu nema a wajen manyan ƙasashe. Sai dai inuwar ƙofar gidanmu ba sai an yi taro a Turai ba. Azumi yana matsowa da kwana goma sha ɗaya duk shekara, yanzu ya nufi hunturu, kuma nan da wajen shekarar 2055 zai sake faɗowa tsakiyar Afrilu. Yaran da ke firamare yau su ne za su yi shi da iyalansu. Itacen da za su sha inuwarsa a wannan azumi, a daminar bana ya kamata a dasa shi.