Ciwon Ƙafa Mai Zuwa Da Tafiya

Ina gai da mutanen Riko da Jibiya da Magama, da 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka, na Ɗan Isa da Madarunfa har Maraɗi. Yau za mu yi magana a kan wani ciwon ƙafa da mutane da yawa su ke ɗauka tsufa ne ko sanyin ƙashi, alhali kuwa jini ne ba ya isa ƙafar.

Yadda ciwon ya ke samuwa

Zuciya ita ce ke tura jini ko'ina cikin jiki ta waɗansu jijiyoyi masu rami kamar tiyo. Jinin nan shi ke kai wa tsoka abinci da iska. Wanda ya taɓa noman rani a gindin madatsar ruwa ta Jibiya ya san abin da ke faruwa in laka ta taru a magudana: ruwa ya kan ragu, shukar da ke can ƙarshen lambu ita ce ta fara yaushi. Haka jijiya ta ke. Kitse ya kan taru a jikinta ta ciki kaɗan kaɗan, shekara da shekaru, ramin yana ƙuntata. Yatsun ƙafa su ne ƙarshen lambu, gama su suka fi nisa da zuciya.

Abubuwan da ke gaggauta wannan su ne taba, da ciwon sukari, da hawan jini, da yawan kitse cikin jini, da ciwon ƙoda, da yawan shekaru. Taba da ciwon sukari su suka fi ɓarna. Masana sun ƙiyasta a shekara ta 2010 mutum fiye da miliyan 200 ke da ciwon nan a duniya, fiye da kashi 2 cikin 3 kuwa a ƙasashe marasa wadata su ke. Saboda haka kada wani ya ce cutar Turawa ce ko ta attajirai.

Yadda za ka gane shi

Alama ta fari ita ce wannan. Ka kama hanyar gona, ko ta kasuwar Jibiya ran Lahadi. Ka yi ɗan nisa, sai sha-raɓarka ta ƙulle, ta yi nauyi, tana ciwo. Ka tsaya, kafin minti 10 ciwon ya wuce. Ka ci gaba, da ka yi misalin wannan nisa sai ya komo. Wani a cinya ya ke ji, wani a ɗuwawu. Dalili shi ne, tsoka mai aiki tana bukatar jini fiye da mai hutawa, jijiyar kuwa ba ta iya ba ta.

A jikin dabba aka fara gane haka. A shekara ta 1831 wani likitan dabbobi a Faransa, Bouley, ya lura da wata goɗiya da ke ɗingishi in tana aiki, in ta huta ta warware. Da ta mutu aka buɗe, sai aka tarar jijiyoyin jini na ƙafafunta na baya a toshe. A 1858 likita Charcot ya bayyana irin wannan a jikin mutum.

Sanyin ƙashi dabam ne. Shi a gaɓa ya ke, kamar gwiwa ko kwatangwalo, ya kan sa gaɓar ta sandare da safe. Wannan kuwa a tsoka ya ke, tafiya ke kawo shi, tsayawa ke kore shi.

Sauran alamu: ƙafa ɗaya ta fi ɗaya sanyi, gashin ƙwauri ya zube, fatar ta yi sulɓi tana ƙyalli, farce ya yi kauri, ba ya tsiro da sauri, tafin ƙafa ya koɗe in an ɗaga ta sama. Waɗansu kuma, musamman masu ciwon sukari, ba su jin kome sai miki ya fito.

In ciwon ya yi nisa, yatsu su kan yi zogi da dare, mutum ba ya samun barci sai ya sauko da ƙafar ƙasa daga kan gado. Faso ko ƙaramin tuntuɓe ya zama gyambo, ya ƙi warkewa. Daga nan yatsa ya yi baƙi, watau ya mutu ke nan. Wanda ya kai matsayin zogin dare, ko mikin da ya yi mako 2 bai kama hanyar warkewa ba, asibiti ne nasa cikin 'yan kwanakin nan, kada ya ce sai bayan girbi.

Akwai kuma na gaggawa. In ƙafa ta yi ciwo mai tsanani farat ɗaya, ta yi sanyi ƙalau, ta koɗe, ta mutu ba a iya motsa yatsu, to gudan jini ne ya toshe jijiya ɗungum. Bayan misalin awa 6 tsoka ta kan fara mutuwa. A nemi mota nan take. Kada a tsaya gasa ta, kada a jira gari ya waye in akwai halin tafiya.

Abin da za a yi maka a ɗakin magani

Malamin asibiti zai taɓa bayan ƙafarka da gefen idon sawu ta ciki, ya ji ko jini na bugawa. Zai auna jininka, ya gwada sukari. Inda akwai kayan aiki a kan auna ƙarfin jini a hannu da kuma a idon sawu, a gwama. Ga mai lafiya sun yi kusan daidai. In na ƙafa bai kai kashi 9 cikin 10 na hannu ba, alal misali hannu 130, ƙafa 90, to jijiyar ta ƙuntata. Awon nan ba allura, ba yanka. In abin ya fi ƙarfinmu za mu ba ka takarda zuwa Babban Asibitin Jibiya, su kuma in ya kama su aika da kai Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, ko na Aminu Kano a Kano.

Magani

Na ɗaya, bar taba, ko ta sha ko ta ci. Ba ragewa na ce ba, bari ɗungum. Ba ƙwayar da za ta yi maka abin da barin taba zai yi.

Na biyu, tafiya. Wannan zai ba ku mamaki, amma tafiyar da ke kawo ciwon ita ce maganinsa. Yi tafiya har ciwon ya kama ka sosai, ka tsaya ya lafa, ka tashi kuma. Ka yi haka minti 30 zuwa 45, aƙalla sau 3 a mako, har wata 3. Tsoka za ta koyi aiki da jinin da ta samu, nisan da ka ke yi ya ƙaru. Amma mai miki ko zogin dare kada ya fara sai likita ya duba shi.

Na uku, ƙwayoyi. Likita ya kan ba da asfirin ƙarami ko wani irinsa don hana jini daskarewa, da ƙwayar rage kitsen jini da a ke kira sitatin, da maganin hawan jini da na sukari ga mai su. Waɗannan na kullum ne, ba a barinsu don an ji sauƙi. Ku sani, abin da ya toshe jijiyar ƙafa yana nan a ta zuciya da ta ƙwaƙwalwa, ƙwayoyin nan suna tsare mutum daga bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Kada ka saya wa kanka asfirin a tire a kasuwa, musamman in kana da gyambon ciki. Ƙwayoyin kashe zafi na 'yan talla kuwa rufe ciwo kawai su ke yi, ƙafa tana lalacewa.

Na huɗu, abinci. Rage gishiri da ɗunƙulen miya, da kitse da man shanu, da sukari cikin fura da shayi. Gero da dawa da wake da zogale da kifi, abincinmu na gado, sun isa.

Na biyar, aiki. Ba kowane mai ciwon nan a ke yanke wa ƙafa ba, kaɗan ne cikin masu ciwon tafiya su ke kai wa ga haka. Ran 16 ga Janairu 1964, a Oregon ta Amurka, likita Charles Dotter ya zura siririn bututu cikin jijiyar wata tsohuwa mai shekara 82 wadda ta ƙi yarda a yanke mata ƙafa, ya buɗe wurin da ya ƙuntata. Yatsun da suka riga suka mutu sun faɗi, amma ƙafar ta tsira, ta koma tafiya. Yau a kan buɗe jijiya da bututu, ko a ɗinka mata wata hanya ta kewaye wurin toshewar. Sai dai wanda ya zo da wuri shi ke cin moriyar wannan.

Kiyaye ƙafa

Kada ka kai ƙafar nan ga wanzami ya yi tsaga, ko ƙaho, ko sakiya. Fatar da ba ta samun jini ba ta haɗewa, tsaga ɗaya tana iya cin ƙafa. Da hunturu kada ka kara ta a kaskon wuta ko ka tsoma ta a ruwan zafi, sa safa. Kada ka ɗaure ta tam da tsumma. Kada ka yi yawo ba takalmi, ka kuma zazzage takalmin kafin ka sa, don ƙaya ko tsakuwa. Mai alwala yana wanke ƙafa kullum, to ya duba diddige da tsakanin yatsu, ya goge su su bushe. A shafa mai a kan faso. Iyayenmu mata, lalle yana ɓoye launin yatsu, a dakata da shi a ƙafar da ke ciwo.

Ku samari, in kun ga tsohonku yana yawan tsayawa a hanyar gona yana dafa sanda, ku tambaye shi inda ke yi masa ciwo, ku kawo mana shi. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mako mai zuwa, ku huta lafiya.