Jawabi a Kan Ziyarar Tsofaffin Garuruwa da Fagagen Yaƙi

Bara war haka da yawa cikinku ba su san baƙi da wasali ba, ga shi yau kowa ya riƙe takarda yana bi da yatsa. To, tun da Allah ya sa kun iya karatu da rubutu, ina so in nuna muku wani aiki da za ku yi da su, wanda ba ya bukatar kuɗi masu yawa, sai ƙafa da haƙuri.

Samarin Turawa suna da wata al'ada. In ɗayansu ya sami hutu, sai ya rataya jaka a baya, ya bi ƙasa ƙasa, yau mota, gobe jirgin ƙasa, jibi ƙafa, yana duban tsofaffin birane da wuraren da aka yi yaƙi. A Faransa da Beljiyam akwai maƙabartun sojan da suka mutu a yaƙin 1914 zuwa 1918, kaburbura jere kamar kunyoyin gona, kowane da dutsensa. Mu ma tafiyar ƙasa ba baƙuwarmu ba ce. Kakanninmu fatake sun kora jakuna har Gwanja sun ɗauko goro, alhazai kuwa sun taka har Makka. Abin da ya rage mana shi ne tafiya don gani, da tambaya, da rubuta abin da aka ji.

Ku fara da shiri. Lokacin da ya fi kyau shi ne bayan kaka, sa'ad da aka shigar da dawa aka tsince auduga, ciyawa ta kwanta, rafuffuka sun janye, zafin bazara kuwa bai zo ba tukuna. Kada kaya su yi yawa. Gafaka guda, da buta, da tabarma, da bargo saboda sanyin hunturu, da malafa, da takalmin da ƙafa ta saba da shi. Guzuri kuwa ƙuliƙuli da dakuwa sun isa, don ba su lalacewa. A sa goro kaɗan na gaisuwa. Sa'an nan babban kaya duka, watau littafin rubutu da fensir.

In kun isa gari, kada ku zarce kufai kai tsaye kamar masu neman abin da suka ɓoye. Ku sauka wurin dagaci ko mai unguwa, ku faɗi ko ku su wane ne, da abin da ya kawo ku, ku roƙa a haɗa ku da tsohon da ya fi kowa sanin labarin garin. Matambayi ba ya ɓata.

Sai mu tashi daga Funtuwa, gama mararraba ce: ga hanyar Zariya, ga ta Gusau da Sakkwato, ga ta Katsina. Funtuwa ta yi girma ne saboda auduga da hanyar jirgi, wadda ta taso daga Zariya ta ratsa ta nan, ta kai Ƙaura Namoda a 1929. Amma kun taɓa tambaya don me a ke kiran hakimin Funtuwa Sarkin Maska? Dalili ke nan, Maska ce uwa. Tsohon gari ne, ya yi suna wajen saƙa da rini tun Funtuwa ba ta zama kome ba, sai a zamanin Turawa sarautar ta komo bakin hanya. Saboda haka Maska ya kamata ta zama zangonku na fari.

Ga yadda a ke gane tsohon mazauni. In kun ga tudu dogo ya kewaya gonaki, da kwari a gindinsa, to, ganuwa ce da gwalalonta. In kun ga kukoki sun taru wuri guda cikin daji, mutane sun zauna nan da. Ku duba ƙasa, za ku ga tsingaro, da ramukan marina, da kashin tama inda maƙera suka yi aiki. Ku auna ganuwar da taki, ku ƙidaya ƙofofinta, ku tambayi sunan kowace, ku rubuta. Ganuwa ba a gina ta don ado. Duk inda kuka gan ta, ku sani mutanen wurin sun kwana da tsoron mahara, suka ɗebi ƙasa da ka don 'ya'yansu su yi barci.

Kafin mu kama hanyar yamma, sai na yi muku gargaɗi. Shekarun nan 'yan bindiga sun addabi dazuzzukan da ke tsakanin Katsina da Zamfara. Kun tuna a watan Disamba 2020 aka kwashe 'yan makaranta fiye da 300 a Ƙanƙara, kafin Allah ya sa aka sako su. Don haka kada kowa ya bi wannan hanya sai ya tambayi direbobi a tasha da mutanen garin da za shi. Kada a yi tafiyar dare, kada a ratse daji. In an ce hanya ba kyau, a haƙura. Kufai ba ya gudu, rai kuwa guda ne.

In hanya ta yi kyau, daga Funtuwa sai Tsafe, cikin Jihar Zamfara. Kusa da nan 'Yandoto ta ke. Da can ƙasar Katsina ce, garin malamai, almajirai na zuwa daga nesa neman ilmi. Masu ba da labari sun ce daga nan Muhammadu Korau ya fito, wanda ya ka da Sanau a kokawa ya ci sarautar Katsina, har yau kuwa Gidan Korau a ke kiran fadar. A farkon jihadi, wajen 1806, Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ya zo da runduna. Ya nemi malaman garin su fito a yi muƙabala, ba su yarda ba, aka yi yaƙi, aka ci garin, malamai suka watse. Za ku ji wani ya ba da labarin nan da yabo, wani kuwa da baƙin ciki. Ku rubuta duka biyu, kowane da sunan wanda ya faɗa, kada ku gyara maganar kowa don ta yi muku daɗi.

Gaba kaɗan, kafin Gusau, sai ku hango dutsen Kwatarkwashi. Ran 3 ga Fabrairu 1903 Turawa suka ci Kano, Sarkin Kano Alu yana Sakkwato da mayaƙansa. Suna kan hanyar komowa sai labari ya tarye su. Sarki ya rabu da rundunar da dare, Waziri Ahmadu ya ja sauran. Kusa da dutsen nan suka yi karo da wata 'yar ƙungiyar sojan Turawa, ba su kai mutum 50 ba, amma suna da bindigogin zamani. Dawakin Kano suka yi ta kai hari, harsashi na zubar da su, har Waziri ya faɗi. Baturen da ya ja sojan an ba shi lambar girma a Ingila, sunansa na cikin littattafai. Barade nawa suka kwanta a wurin, su wane ne, 'ya'yan wa? Sojan da suka harbe su ma yawancinsu baƙar fata ne, 'yan ƙasar nan. In kun tsaya a filin nan, ku tuna da su duka.

Yanzu mu komo Funtuwa mu kama hanyar arewa. Mai ƙarfin ƙafa ya iya kai Malumfashi cikin kwana biyu, ya yada zango a Bakori. A ƙasar Kafur akwai Gozaki, ita ma tsohuwar alkarya ce irin Maska, cikin yankin da mutanen da ke kira Katsina Laka saboda ƙarfin ƙasarsa. Malumfashi kuwa mazaunin Galadiman Katsina ce. Daga nan sai ku shiga mota zuwa birni.

A Katsina ku je ku ga hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa mai tsawon kamar ƙafa 50, wadda ta shekara ɗaruruwa a tsaye. Birnin nan ya sake hannu sau biyu cikin shekara ɗari. A 1807 mutanen Shehu suka ci shi, Ummarun Dallaje ya zama sarki, zuriyar sarakunan da kuwa suka yi arewa, daga baya suka zauna Maraɗi, suka daɗe suna kawo hari. A 1903 kuma Gwamna Lugga ya shigo ta Ƙofar 'Yanɗaka, ba a yi yaƙi ba. Ku tsaya a bakin ƙofar, ku gwada ta da filin Kwatarkwashi, ku yi tunani: waɗansu sun zaɓi faɗa, waɗansu sun zaɓi sulhu, kowa da dalilinsa.

Saura yaƙe-yaƙen da aka kai mutanenmu nesa. A yaƙin Jamus na fari sojan Nijeriya sun yi faɗa a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, an kuwa kafa musu dutsen tunawa a Lakwaja, garin da Sarki Alu ya rasu a tsare a 1926. A yaƙin Hitila, 1939 zuwa 1945, an kai su Habasha, sa'an nan Bama. Kusa da birnin Rangun, wanda a ke kira Yangon yanzu, akwai ginshiƙai ɗauke da sunayen soja kamar 27,000 waɗanda ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da mutanen Afirka ta Yamma. Kowace shekara kuma, ran 15 ga Janairu, a kan yi bikin tunawa da 'yan mazan jiya, gama ran nan ce yaƙin basasa ya ƙare a 1970.

Ba kowa zai iya zuwa Lakwaja ba, balle Bama. Amma wanene cikinku ba shi da tsoho a unguwarsu? Ni kaina na yi sakaci da wannan. Ina saurayi na san wani dattijo a wani ƙauye kusa da Bakori, wanda ya je yaƙin Bama. Ya kan ba mu labarin jirgin ruwa, da ruwan sama marar yankewa, da yadda suka ɗauki kaya a ka cikin kurmi. Kullum ina cewa gobe na zo da takarda. Ran da na zo da ita, sai na tarar an yi sadakar bakwai. Ga ni magatakarda, na kwafe wasiƙun mutane ba iyaka, amma ko sunan abokansa da suka mutu can ban rubuta ba.

Mu ba mu saba kafa dutse mu sassaƙa suna ba. Abin tunawarmu ganuwa ce, da sunan ƙofa, da kirari, da bakin tsofaffi. Ganuwa kuwa garma na cinta kowace damina, masu gini na ɗibar ƙasarta, tsofaffi suna tafiya ɗaya ɗaya. Saboda haka ga roƙona. Bana, in an gama kaka, kowa ya zaɓi wuri guda, ko da kufan da ke bayan gonarsa ne. Ya je, ya gani, ya tambaya. Ya rubuta sunan wurin, da ranar da ya je, da wanda ya ba shi labari, da abin da ya gani da idonsa dabam, abin da aka gaya masa dabam. Kada ya ji kunyar mummunan rubutu, ana iya gyara shi. In ya komo, ya karanta wa 'ya'yansa, sa'an nan ya adana littafin cikin akwati inda gara ba ta kai.

Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, ya buɗe hanyoyi, ya kai ku lafiya ya komo da ku lafiya. Amin.