Jawabin magatakarda a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya: Amana da takarda

 

Mai girma shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, alhazai da hajiyoyi, direbobi da yaran mota, baƙinmu daga Agadas, Arlit da Tawa, barkanku da zuwa. Mun gode wa Allah da ya nuna mana wannan rana. An ba ofishin magatakarda ƴan mintoci, kuma za mu yi amfani da su a kan abu guda: dokokin da suka sauya a Aljeriya, da abin da suke nema daga gare mu.

Iyayenmu sun yi fatauci tsakanin Tamanrasat da ƙasar Hausa da kalmar baki. A ɗora dabino da gishiri, a komo da raƙuma, tumaki, lalle da gero, babu wanda ya sa hannu a ko'ina. Wannan amana ita ce jarinmu har gobe. Amma alƙali ba ya ganin abin da ke cikin zuciya, abin da ke kan takarda yake karantawa.

Na farko, kotun kasuwanci ta zo gida. Doka mai lamba 22-13 ta Yulin 2022 ta kafa kotunan kasuwanci na musamman, kuma a Janairun 2023 aka tsayar da guda 12 a duk ƙasar. Ɗaya tana nan Tamanrasat. Tana duba rigimar abokan kamfani, karayar jari, saɓani da banki, da cinikin ƙasa da ƙasa, wanda shi ne abincinmu. Alƙali yana zama da mataimaka huɗu masu sanin harkar kasuwa. Kafin a shigar da ƙara, dole a nemi sulhu a gaban alƙali, kuma ba ya wuce wata uku. In sulhu ya gagara, sai a ba ka takardar shaida. In babu ita, kotu ba ta karɓar ƙarar. Ƙaramin bashi na cikin gari kuwa yana nan a kotun da aka saba.

Na biyu, cinikin musaya. Ƙa'idar 2 ga Yulin 2020 ta tsara musayar kaya da Nijar da Mali, ta kuma jera kayan da aka yarda su fita da waɗanda za su shigo. Wanda aka ba izini shi ne mazaunin wilaya mai rajistar babban dillali. Ma'ana, da yawanmu muna aiki ƙarƙashin sunan abokin hulɗa. Sunansa ne a duwan, sunansa ne a faktir. A ofishinmu mun zauna da wani ɗan'uwa da abokin cinikinsa na shekaru ya rasu. Tumakinsa sun shigo ta In Gezzam da sunan mamacin, magada suka ce ba su san zancen ba. Ba ƙarya suka yi ba, ba su sani ba ne. Sai da dattawa suka yi ta zirga-zirga kafin ya samu rabin haƙƙinsa.

Na uku, hukunci ya yi tsanani. Doka mai lamba 21-15 ta Disambar 2021 ta ce wanda ya ɓoye kaya don su yi wuya a kasuwa zai sha ɗaurin shekara 3 zuwa 10. In kayan hatsi ne, madara, mai, sukari ko man fetur, shekara 10 zuwa 20. Dokar fasa-ƙwauri ta 2005 kuma tana nan: wanda aka kama da mota, shekara 10 zuwa 20, ga tara ninki goma na kuɗin kaya da na motar, a kuma ƙwace su. Direbobi, ku ne a gaba. Mai kaya yana gida yana shan shayi, kai ne jandarma za su tsayar a hanyar Asamaka. Kada ka ɗauki buhun da ba ka san cikinsa ba.

To, me muke roƙo? Duk yarjejeniya a rubuta ta: sunaye, yawan kaya, farashi, ranar biya, shaidu biyu. Kotun Aljeriya da Larabci take aiki. Takardar Faransanci ko Hausa sai an kai wa tafinta mai rantsuwa ya juya ta. Ku ajiye faktir na duk abin da ke cikin sito. Kada kowa ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. In an kama ɗanmu, a sanar da ofis a ranar, a nemi lauya tun kafin magana ta yi nisa.

Wasu dattawa suna jin nauyi su ce wa amini ya sa hannu. Baba, ba rashin yarda ba ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi. Takarda tana kare marayunka, tana kare nasa.

Ofis yana da littafin yarjejeniya, rubutu kyauta ne ga duk mai katin ƙungiya. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya tsare mu a hanya, ya sa albarka a nema. Wassalamu alaikum.