Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Ɗaliban Kimiyyar Kwamfuta



Iyaye, barkanku da ganin wannan rana. Kun san abin da kuka kashe, ba sai na tuna muku ba.

'Ya'yana, in aka tambaye ku ɗaya bayan ɗaya aikin da kuke so, galibinku za ku ce rubuta manhaja. Ban ga laifinku ba. Kun ji labarin Paystack, wanda matasa biyu suka kafa a Legas a 2015, kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a 2020 kan dala miliyan 200 da ɗoriya. Wa zai ji wannan bai yi sha'awa ba? Sai dai ku tuna da ranar 14 ga Maris, 2024, da manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Kodebuwa. Manhajojin bankuna suna nan lafiya lau cikin wayoyinmu, amma tura kuɗi ya gagara. Ranar, masu aikin sadarwa ake ta nema ruwa a jallo, waɗanda suka san yadda za a karkatar da sabis ta wata hanyar.

Ba ma sai mun je teku ba. Ku leƙa cibiyar jarrabawar JAMB da sassafe. Yara fiye da 200 sun zauna, kowa da kwamfuta a gabansa, iyaye na tsaye a bakin ƙofa. Kwatsam sai layi guda ya ɗauke. Akwai wani saurayi da zai durƙusa ƙarƙashin tebur da tocilan a baki, yana bin kebul ɗaya-ɗaya har ya gano wanda kansa ya kwance, ya matse shi, ya leƙa inbata, ya tashi yana karkaɗe gwiwa. Ba a sa hotonsa a jarida, amma makomar yaran nan a hannunsa take a wannan safiyar. Na fi ganin ƙwararru sun fito daga irin wannan durƙuso fiye da daga ofis mai sanyi.

Don haka in aiki biyu suka zo muku, kada ku fara da tambayar albashi ko sunan muƙami. Ku tambaya: wa zai duba aikina? Yaron da aka kai koyon ɗinki, ba girman shago ake dubawa ba, ubangidan ake dubawa, wanda zai farke ɗinkin ya ce a sake. Wurin da za a naɗa ka "shugaban sashen kwamfuta" kai kaɗai, aikinka buga takarda da gyaran firinta, zai yi daɗin faɗa a gida. Bayan shekara 3 kuwa, abin da ka fita da shi daga nan shi ne dai a kanka, har ya fara tsatsa.

Masu tafiya bautar ƙasa, shekara guda ce cur. Ta isa mutum ya zaɓi fanni ɗaya ya nutse a ciki, ya zauna jarrabawar CCNA in sadarwa ya nufa, ko ya nemi shiga shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta buɗe a 2023. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta sa bankuna da asibitoci na buƙatar masu kula da sirrin bayanai, fannin da kaɗan ne daga cikinmu suka waiwaya. 'Yan matanmu, ku sa ido a nan, domin da yawan ayyukan nan ana yin su daga ɗaki, aure ko raino ba ya yanke su.

Akwai kuma masu kiran ku da tayin kuɗin dare ɗaya. Sunansa damfara, kuma dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi ɗauri a kansa.

Iyaye, roƙona gare ku ɗaya ne. In kun ga yaro ya kwana gaban kwamfuta bai fita ofis ba, kada ku yi saurin cewa zaman banza yake. Ku zaunar da shi ya nuna muku wa yake wa aiki, me yake yi, ta ina ake biyansa. Mai aikin halal zai yi murnar wannan tambaya.

Allah ya sa albarka a karatun yaran nan, ya haɗa su da iyayen gida nagari, ya mai da kowa gidansa lafiya.