Jawabi Kan Kwanciyar Jariri A Lokacin Hunturu



An kai masara da dawa rumbu, ana ta cirar auduga. Hunturu ya shigo, sanyin dare ya tsananta. Yanzu ne ya kamata a yi magana kan makwancin jariri.

A ƙasar Hausa jariri a gefen uwarsa yake kwana. Wannan al'ada tana da amfani. Yana samun nono da dare, uwa kuma tana jin motsinsa. Amma sai an kula. Jariri ɗan wata biyu ko uku ba ya iya ture bargo daga fuskarsa. Idan hancinsa ya nutse cikin katifa, ba ya iya ɗaga kai. Numfashi sai ya tsaya, ba kuka, ba motsi. Gidan da aka sha suna kwanan baya sai ya koma gidan makoki.

Likitoci sun gano cewa kwantar da jariri rubda ciki yana jawo mutuwar cikin barci. A Ingila an fara gangamin kwantar da jarirai rigingine a 1991. Amurka ta fara nata a 1994. A ƙasashen biyu irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi.

Saboda haka a kwantar da jariri rigingine, dare da rana, har ya cika shekara. Shimfiɗa ta zama mai tauri. Tsohuwar katifar auduga da ta yi rami ba ta dace ba. A kawar da matashin kai da tulin zannuwa. A sa masa rigar sanyi, a bar fuskarsa a buɗe. Kada yayyensa su kwana kusa da shi, domin yaro mai barci bai san wanda ya danne ba.

Uwar da ta sha maganin da ke sa barci, ko ta gaji matuƙa, ta yi wa jariri shimfiɗarsa daban kusa da gadonta. Haka za a yi wa bakwaini. A saka gidan sauro, a cusa gefensa da kyau.

Sai maganar wuta. Garwashi a ɗaki rufe yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari. A fitar da kasko kafin a kwanta. Kada a ɗora jariri a gadon ƙasa da aka hura wa wuta don mai jego, domin zafi mai yawa yana cutar da shi.

Maigida ma yana da aiki. Ya daina shan taba a cikin gida. Idan jariri yana numfashi da ƙyar, a garzaya da shi asibiti mafi kusa ko Babban Asibitin Funtua, kada a jira safiya.

Rigakafi ya fi magani. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya raya zuriya, amin.