Wa Ke Zaɓa Wa Jirgin Ƙasa Hanya?

  Takardarmu ta yau ta fito ne daga Roni, cikin masarautar Kazaure, daga wani bawan Allah manomi kuma mai ɗan fataucin atamfa. Ya ce ya je Kano saro kaya a Kantin Kwari, sai ƙafa ta kai shi tashar jirgin ƙasa, ya tsaya kallo. Ya ga layukan dogo birjik, wannan ya shiga wancan, wancan ya rabu biyu. Shi ne yake tambaya: yaya direba yake gane layinsa cikin wannan tarin ƙarafa, kuma me ke hana jirage biyu yin karo?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Abu na farko da zai ba ka mamaki shi ne, jirgin ƙasa ba shi da sitiyari. Direba ba ya karkata shi dama ko hagu. Abin da ke hannunsa shi ne ya tashi, ya ƙara wuta, ya rage, ya taka birki, ya busa oda. Ƙafafun jirgi suna da leɓe ta ciki wanda ke riƙe su bisa dogo, saboda haka inda dogo ya nufa, nan jirgi zai nufa, ko direba ya so ko bai so ba.

To wa ke zaɓa masa hanya? A duk inda layi ya rabu biyu akwai wasu ƙarafa biyu masu siririn baki kamar harshe, waɗanda ke motsi. In an tura su gefe guda jirgi ya miƙe, in an tura ɗaya gefen ya ratse. Ku masu noman rani kun san wannan: ruwa ba ya zaɓar fangali da kansa, mai lambu ne ke toshe nan ya buɗe can. To haka jirgi yake.

Mai wannan aiki shi ne ma'aikacin sigina. Bisa tsarin da Turawan Ingila suka kawo, a babbar tasha ana gina masa ɗaki a kan bene, da tagogi kewaye, don ya hango dukkan layuka. A gabansa ga libobi na ƙarfe a jere, kowace ta kai ƙirjin mutum, kowace da lambarta da launinta. Baƙa ta juya harshen dogo ce, shuɗiya ta kulle shi, ja kuwa ta sigina. Sigina ita ce doguwar sanda mai hannu a bakin layi. In hannun ya miƙe a kwance, direba ya tsaya. In ya karkata, ya wuce. Da dare fitila ce: ja tsaya, kore wuce.

Sai ka ce, to in ma'aikacin ya yi gyangyaɗi fa, ko ya ja libar da ba ita ba? A nan hikimar take. Ƙarƙashin libobin akwai sakatu na ƙarfe masu shiga juna, suna bin ƙa'ida uku. Ta farko, libar sigina ba ta jawuwa sai an juya harsunan dogo daidai an kulle su. Ta biyu, da zarar an ba jirgi hannu, harsunan hanyarsa sun ƙulle, ba mai iya motsa su sai an mayar da sigina. Ta uku, ba a iya ba jirage biyu hannu a kan hanyoyin da za su haɗu. Ko ƙato goma suka taru, libar ba za ta motsa ba. Wani Bature mai suna John Saxby ne ya yi rajistar wannan dabara a Ingila a 1856. Ita sigina kuma an yi mata nauyi a gindi, yadda ko wayar da ke jan ta ta tsinke, hannun zai koma alamar tsayawa.

Wannan a cikin tasha ke nan. A daji fa, inda layi ƙwaya ɗaya ne, mai zuwa da mai dawowa duk shi za su bi? A 1874, kusa da birnin Norwich na Ingila, ma'aikatan tasha suka yi rashin fahimtar juna, suka saki jirage biyu a layi ɗaya, aka yi taho-mu-gama, mutum 25 suka mutu. Bayan haka ne wani Edward Tyer ya fito da na'urar shaida. Tashoshi biyu masu maƙwabtaka kowace tana da akwati, an haɗa su da waya. Sai da yardar tashar gaba ake zare ƙarfen shaida ɗaya a ba direba, kuma da an zare shi akwatunan biyu sun ƙulle har sai ya isa ya miƙa. Direban da bai riƙe shaida ba, ba shi da izinin shiga wannan zango. A 1889 gwamnatin Ingila ta yi doka ta tilasta sakata tsakanin sigina da harsunan dogo a layukan fasinja.

Mu nan, dogo ya iso Kano a 1911, wanda aka jawo daga Baro a bakin Kwara. Daga Zariya reshe ya kai Ƙaura Namoda a 1929, daga Kano kuma wani ya bi ta Ringim da Malam Madori ya kai Nguru a 1930. Waɗannan layuka su suka riƙa kwasar gyaɗa da auduga da fatu zuwa Ikko, kuma kusan duk layi ɗaya ne, sai a tasha jirage ke kauce wa juna. A sababbin layuka na zamani kwamfuta da lantarki sun maye gurbin libobi, amma ƙa'idojin nan uku suna nan daram.

Yanzu ga inda zancen ya shafe ku, mutanen Roni da Gwiwa da Ɓaɓura. Tun fil azal dogo bai ratsa ƙasar Kazaure ba. Amma a watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita kusan 284, wanda aka tsara ya bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ke nan masu zuwa kasuwa da amalanke, da makiyaya, da 'yan acaɓa, za su riƙa tsallaka dogo.

Ku lura, duk sakatun nan suna tsare jirgi ne daga ɗan'uwansa jirgi. Ba sakatar da ke riƙe da saniyarka ko ɗanka. Jirgi mai lodi yana iya cin kilomita ɗaya ko fiye bayan an taka birki kafin ya tsaya, kuma mun ce ba ya kaucewa. A watan Maris na 2023, a Ikeja ta Legas, wata bas ta ma'aikata ta nemi riga jirgi tsallakawa, aka yi asarar rayuka, da dama suka ji rauni.

Saboda haka in ka iso dogo, tsaya, dubi dama da hagu, ka saurara. Kada ka kora garke sai ka tabbata na ƙarshe zai haye. Kada a shanya hatsi ko a kasa kaya a bakin layi. A ja wa yara kunne, kada su ɗora dutse a kan dogo ko su cusa shi tsakanin harsunansa. In an rufe shinge ko mai tuta ya ɗaga ja, yi haƙuri. Jiran minti biyar bai taɓa hana kowa cin kasuwa ba.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. A gaishe mana da mutanen Roni baki ɗaya.